Ba Don Tsawo Akan Ga Wata Ba: Waluigi a Ƙofar Super Smash Bros.

A ranar 12 ga watan Yuni na shekarar 2018, kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya nuna wa duniya sabuwar fitowar wasansa na bidiyo mai suna Super Smash Bros., ya kuma yi mata kirari da cewa kowa ya hallara. Abin da kamfanin ke nufi shi ne duk mayaƙin da ya taɓa shiga wannan fage tun daga 1999 ya dawo, ba a bar ko ɗaya a baya ba. Kafin a kwana, ɗimbin masu sha'awar wasan sun cika intanet da tambaya guda: ina Waluigi? Yana nan cikin wasan, amma ba a sahun mayaƙa ba. Ƙorafin ya yi ƙarfin da har jaridar Washington Post ta Amurka ta buga sharhi a cikin wannan mako, inda marubucinta ya ce an zalunci wannan tauraro an kuma wulaƙanta shi.

Malamin makaranta da ya karanta wannan yana iya ɗaga kafaɗa ya ce rikicin yara ne a kan ɗan zane. Sai dai wasan da ake magana a kansa an sayar da fiye da kwafi miliyan 30 na fitowarsa ta 2018 kaɗai, kuma matasan da ke buga shi sun ɗauke shi tamkar gidan tarihi na wasannin bidiyo: wanda ya shiga jerin ya zama gwarzo, wanda aka bari a waje bai kai ba. Duk inda aka yi jeri aka ce wannan shi ne tarihin wani fanni, ko na waƙa ne ko na rubutu ko na wasa, wajibi ne a tambayi wanda ya jera, da ma'aunin da ya riƙe a hannunsa. Malamai da ƴan ƙungiyoyin al'adu sun san wannan tambaya daga littattafan da ake tsinto ayyukan marubuta a haɗa wa ɗalibai. Labarin Waluigi yana amsa ta ƙarara, domin a nan mai jerin bai iya ɓoye hannunsa ba.

Super Smash Bros. fagen gamayya ne. Ana ɗauko taurari daga wasanni dabam-dabam, waɗanda a gidajensu na asali ba za su taɓa haɗuwa ba, a tara su a dandali ɗaya su gwabza, kowa na ƙoƙarin wurgar da abokin karawarsa waje. Masahiro Sakurai ne ya jagoranci aikin tun fitowar farko a 1999, wadda ke da mayaƙa 12 kacal. Fitowar 2018 kuwa, bayan an gama yi mata ƙari a watan Oktoba na 2021, ta tsaya da mayaƙa 89.

Shi kuma Waluigi an ƙirƙiro shi a shekara ta 2000 don wasan Mario Tennis. Kamfanin Camelot ne ya yi wa Nintendo wannan wasa, kuma wani ma'aikacinsa, Fumihide Aoki, shi ya zana shi. Dalilin haihuwarsa ba ya da wata daraja: a wasan tanis na bibbiyu Mario yana da ƙanensa Luigi, shi kuwa Wario, kishiyar Mario, ba shi da abokin tafiya. Sai aka yi masa ɗaya, dogo siriri, mai tufafi ruwan makuba da siririn gashin baki, a hularsa an kifar da harafin L. An haɗa sunansa daga kalmar Japananci mai nufin mugu da sunan Luigi. A taƙaice, cikon benci ne tun ranar da aka yi shi. Daga nan ya yi ta fitowa a wasannin tsere da na ƙwallo da na shagali, amma bai taɓa taka rawa a manyan wasannin Super Mario ba, ba a taɓa yin wasa ɗaya da sunansa ba, kuma fim ɗin Mario na 2023 bai san da zamansa ba.

A fagen Smash, tun daga 2008 an ba shi matsayin ɗan kai ɗauki. Mayaƙi ya tsinci wani kwalabe a fage ya ɗaga, sai Waluigi ya fito na ƴan daƙiƙu, ya tattake abokin gaba har ya nutse a ƙasa, ya kai masa shuri ko ya make shi da sandar tanis, ya ɓace. Ba mai iya sarrafa shi. Haka aka maimaita a 2014, aka sake maimaitawa a 2018, inda aka ƙara da cewa ana iya bugun shi kansa ɗan kai ɗaukin a fitar da shi daga fage.

Akwai wani rukuni na masu sharhi da suka ɗora wa kansu aikin kare wannan hukunci, suna kafa dokokin da kamfanin bai taɓa bugawa ba, sa'an nan su ce Waluigi ne ya kasa cika su. Ta farko da suke kawowa ita ce wai ba shi da salon faɗa na kansa, ba inda za a samo masa naushi da tsalle da dabaru. Wannan magana ba ta ko kai a saurare ta. Captain Falcon, wanda ke cikin mayaƙa 12 na farko, direban motar tsere ne a wasan F-Zero na 1990, inda mai wasa motarsa yake gani a kan hanya. Shahararren naushinsa mai wuta ma'aikatan Sakurai ne suka ƙaga shi daga babu. A 2014 an shigo da malamar motsa jiki ta Wii Fit, aka mayar da miƙe gaɓɓai makami. A wannan shekara kuma aka shigo da karen farautar agwagwa na 1984, wanda aikinsa a gidansu shi ne ya ɗago agwagwa in an harbe ta, ya yi wa maharbi dariya in ya kuskure. Mutanen da suka fitar da mayaƙi daga waɗannan ba za su rasa abin yi da wanda ya shafe fiye da shekara 20 yana riƙe da sandar tanis da ta golf, yana tuƙin mota, yana rawa, yana zamba ba. Ko a Mario Kart DS na 2005 yana da filin tsere mai ɗauke da sunansa, wanda masu wasa ke yabawa har yau.

Doka ta biyu ita ce sai wanda ke da wasa na kansa. Rosalina ba ta da shi, ta shiga a 2014. Daisy ba ta da shi, ta shiga a 2018, alhali kuwa wannan Mario Tennis ɗin da ya haifi Waluigi shi ne ya farfaɗo da ita bayan an daɗe ba a jin ɗuriyarta. Toad kuma, ɗan ƙaramin bafaden gimbiya Peach, ana iya wasa da shi tun 1988, an ma yi wa wani ɗan'uwansa wasa sukutum a 2014, amma har yau aikinsa a Smash shi ne ya fito ya tare wa uwargijiyarsa duka. Dokar da ta bar marasa wasa suka shige, ta kuma tsayar da mai wasa a ƙofa, ba doka ba ce.

Ta uku tana da ɗan ƙamshin gaskiya. Suna cewa wanda aka riga aka ba matsayin ɗan kai ɗauki ya fita daga takara. A cikin fitowa guda hakan ya tabbata, domin a dukan ƙarin da aka yi wa wasan tsakanin 2019 da 2021 ba a ɗaga ko ɗan kai ɗauki ɗaya ba. Amma daga fitowa zuwa fitowa an ɗaga su. Little Mac, ɗan damben Punch-Out!!, ɗan kai ɗauki ne a 2008, mayaƙi ne a 2014. Dark Samus da Isabelle ƴan kai ɗauki ne a 2014, mayaƙa ne a 2018. Ke nan sau biyu aka buɗe wannan ƙofa Waluigi na tsaye a bakinta, sau biyu aka kira wasu. Kuma in an duba waɗanda aka kira, nan ne zaren maganar yake. Tsakanin 2008 da 2014 Nintendo ya farfaɗo da Punch-Out!! a 2009. Ita kuwa Isabelle, a zama ɗaya aka sanar da shigarta fage a watan Satumba na 2018 aka kuma sanar da sabon Animal Crossing, gidan da ta fito. Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

Kafin a bi wannan zare, adalci ne a faɗi hujja ɗaya mai nauyi da ke gefen kamfanin, wato tsadar aiki. Mayaƙi guda ba zane guda ba ne. Sai an yi masa motsi iri-iri da murya da kiɗa, sai an auna ƙarfinsa da na kowane mayaƙi don kada ya danne kowa ko kowa ya danne shi. A jerin mutum 89, karawar ɗaya da ɗaya kaɗai ta kai 3,916. Akwai ma wani tauraro, Kirby, da ke haɗiye abokin karawa ya kwaikwayi dabararsa, don haka duk sabon shiga sai an ɗinka wa Kirby hularsa. Lokacin da aka shigo da Steve na Minecraft a 2020, sai da aka sake taɓa dukan filayen wasan don ya iya aza tubalansa. Sakurai kansa ya bayyana a 2013 cewa aiki ya jawo masa ciwo a kafaɗa. Gurbi yana da tsada, ba kuma kowa zai samu ba.

Hanyar rage wannan tsada ita ce yin abin da kamfanin ya kira mayaƙan amsa-amo: a ɗauki ƙashin wani mayaƙi da motsinsa a lulluɓa masa sabuwar fata. Bakwai aka yi haka, kuma ta nan Daisy ta shiga, a kan ƙirar Peach. Wannan arha ba ta samu ga Waluigi ba. Ya fi Luigi tsawo nesa ba kusa ba, Wario kuwa gajere ne mai tumbi. Dogayen ƙafafunsa da suka sa ake gane shi daga nesa su ne suka hana a ɗora shi a kan ƙashin wani. Sai dai a yi shi daga tushe da cikakken kuɗi, kuma a nan ne ake tambayar wa zai biya, don me.

Amsar tana cikin jerin kansa. Roy na Fire Emblem ya bayyana a Smash a ƙarshen 2001, watanni kafin wasan da ya fito daga ciki ya shiga kasuwa a 2002. Wato an sa shi a gidan tarihi tun ba a haife shi ba. Corrin ya shiga a watan Fabrairu na 2016, daidai lokacin da ake kai wasansa kasuwar Amurka. Byleth ya shiga a Janairun 2020, wata shida bayan fitowar nasa, ya zama na takwas daga wannan gida guda. Link na Zelda yana da gurbi uku shi kaɗai. Mario yana da biyu, na biyun shi ne dai Marion sanye da rigar likita. Sai kuma baƙi daga wasu kamfanoni, Snake na Konami da Sonic na Sega a 2008, Cloud na Square Enix a 2015, Banjo da Kazooie na Microsoft a 2019: kowane ɗayansu yarjejeniya ce tsakanin gidaje biyu, kowanne yana janyo masu sayen da a da ba su leƙo ba, kuma a ƙarin da aka yi daga 2019 ana sayar da baƙo guda kusan dalar Amurka 6. Sakurai bai ɓoye ba. Ya faɗa a watan Nuwamba na 2018 cewa Nintendo ne ya zaɓi waɗanda za a ƙara, nasa shi ne ya duba ko za su yiwu. Waluigi ba ya tallata sabon wasa, ba ya ƙulla zumunci da wani kamfani, ba ya kawo mai saye ko ɗaya da ba ya riga ya saya. Ɗan riƙo ne da aka haifa a gidan Camelot, masu yin Super Mario ba su ɗauke shi ba, masu yin wasannin Wario ma ba su ba shi ɗaki ba.

Za a ce to ina aka bar Piranha Plant, furen nan mai haƙora da ke leƙowa daga bututu tun 1985, wanda aka mayar mayaƙi a Janairun 2019? Wace uwa gare shi a gindin murhu? Masoyan Waluigi sun ɗauki shigarsa cin fuska, kuma ba su yi laifi ba: tukunyar fure ta samu abin da aka hana mutum. Amma furen ma haja ce. Kyauta aka ba da shi ga waɗanda suka yi saurin sayen wasan, kuma amfaninsa shi ne ba wanda ya zata. Mamaki abin sayarwa ne a wannan kasuwa, shi kuwa wanda kowa ke jira ya riga ya rasa wannan farashi.

Nan ne ya kamata a juya ga ɗaya ɓangaren, domin masoyan Waluigi ma sun yi nasu kuskuren, kuma ya fi muni. Sun ɗauka jerin zaɓe ne, yawan murya ke ba da kujera. Kamfanin da kansa ya ciyar da su wannan zato a 2015, lokacin da ya buɗe ƙuri'a ta intanet daga Afrilu zuwa Oktoba, aka kaɗa kimanin miliyan 1.8. Da aka zo sanarwa, sai aka ce Bayonetta ce ta yi nasara a cikin waɗanda za a iya samu. Ba a buga cikakken sakamako ba. Sai a 2021 Sakurai ya bayyana cewa wanda ya zo na ɗaya a zahiri shi ne Sora na Kingdom Hearts, wanda ke hannun kamfanin Disney. Shekara shida wanda ya ci zaɓe ya yi yana jiran masu shari'ar kamfanoni su daidaita. In haka ta faru da na ɗaya, hayaniyar masoyan ɗan cikon benci ba ta da wurin zuwa. Da suka ga ba ta je ko'ina ba, wasunsu suka afka wa Sakurai a Twitter da zagi da hotunan banza, mutumin da ya kashe lafiyarsa yana yi musu abin wasa, wanda kuma ba shi kaɗai ke riƙe da alƙalamin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shugaban reshen Nintendo na Amurka a lokacin, Reggie Fils-Aimé, ya ce Sakurai ya san da buƙatar, magana ta tsaya nan.

Akwai kuma abin da masoyan ba sa son ji. Waluigin da suke ƙauna, su ne suka yi shi. Kamfanin bai ba shi gari ba, bai ba shi sana'a ba, bai ma tsayar da magana ɗaya a kan dangantakarsa da Wario ba. Charles Martinet, wanda ya yi masa murya tun daga 2000 kafin ya ajiye aikin a 2023, ya ce ginshiƙin halinsa shi ne tausayin kai, jin cewa komai na tafiya daidai ga kowa ban da shi. A kan wannan ƴar ƙwarya masoya suka zuba nasu: zane-zane, raha, wasannin da suka haɗa da kansu, labarin wanda kullum ake mantawa da shi. Mai sauraren tatsuniya ya san irin wannan gurbi. Ƙoƙi tana nan a gefen Gizo, kowa ya san sunanta, amma da wuya a buɗe tatsuniya don ita. Sai dai ita Ƙoƙi ta kowa ce, duk kakar da ta ga dama tana iya ba ta dare guda nata ba tare da neman izinin kowa ba. Waluigi yana da mai shi. Masoya sun yi noman, gonar ta wani ce. Kuma tun da abin da ya ɗaukaka shi shi ne an bar shi a waje, barin nasa a waje ba ya rage wa kamfanin komai. Kowace sabuwar sanarwa sai sunansa ya sake tashi, ana ta maganar wasan kyauta. Ran da aka shigar da shi zai zama ɗaya daga cikin 90, ran nan kuma hirar ta ƙare.

Saboda haka laifin da ke kan Nintendo ba na hana gurbi ba ne, mai shago yana da ikon jera hajarsa yadda ya so. Laifin shi ne barin matasa su ci gaba da kiran shagon gidan tarihi, da jin daɗin wannan suna, alhali ƙofar shiga tana buɗewa ne da mallaka da talla da yarjejeniya. Ƙananan taurari su ne suka fi shan wannan, domin daga kowane gida baƙo babban tauraro ake fara ɗauka, sau da yawa kuma shi kaɗai. Tails, abokin Sonic tun 1992, wanda miliyoyin ƙanne suka fara wasa da shi yayin da yayyensu ke riƙe da Sonic, a Smash yana wucewa ne da gudu can bayan fage. Geno na Super Mario RPG na 1996, wanda Sakurai da bakinsa ya ce ya so shigar da shi tun zamanin fitowar 2008, mallakar Square Enix ne ko da yake a wasan Mario ya fito. Abin da masoyansa suka samu shi ne tufafinsa, a saya a sanya wa wani mayaƙin. Waluigi ma ana iya sayen ɗan gunkinsa na roba, wanda Nintendo ya fitar a 2016, a ɗora a kan na'ura, kuma a Super Mario Odyssey na 2017 Mario yana iya sa rigarsa da hularsa ya zagaya duniya da su.